Rage ma'aikata: Nawa doka ta ce a biya wanda aka sallama daga aiki?

Duk lokacin da wani kamfani ya sanar da cewa zai rufe ko zai rage ma'aikata, abin da ke fitowa a kanun labarai shi ne adadin mutanen da za su rasa aiki. Abin da ba a cika bibiya ba shi ne abin da ke biyo bayan miƙa takardun sallama: nawa aka ba kowane mutum, da wane ma'auni aka yi lissafin, kuma ko akwai wani adadi da doka ta hana a biya ƙasa da shi.

Tambayar ta ƙara nauyi tun daga tsakiyar shekarar 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. A watan Agustan wannan shekara kamfanin magunguna na GSK ya sanar da dakatar da harkokinsa na kai-tsaye a Najeriya. A watan Disamba kamfanin Procter & Gamble ya ce zai daina sarrafa kaya a ƙasar, ya koma shigo da su daga waje. A 2024 Kimberly-Clark ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu da ke Jihar Legas. Waɗannan su ne manyan da aka ji labarinsu. Ƙananan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, da na Kakuri a Kaduna, waɗanda tsadar lantarki da dizal ta tilasta wa rage hannu, ba kasafai labarinsu ke kaiwa jarida ba.

Ma'aikata da dama sun ɗauka cewa doka ta ƙayyade wani kaso na albashi da za a biya su a kan kowace shekara da suka yi suna aiki. Gaskiyar magana ita ce, a Najeriya babu wannan ƙayyadewar. Abin da doka ta wajabta kaɗan ne ƙwarai, sauran kuma ya rataya ne a kan takardun da aka sa wa hannu tun kafin matsala ta taso.

Abin da sashe na 20 ya tanada

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka gada tun zamanin mulkin soja na shekarun 1970 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi magana a kan rage ma'aikata a sashe ɗaya tak, wato sashe na 20. Sashen ya fassara lamarin da cewa rasa aiki ne na dindindin, ba da son ran ma'aikaci ba, saboda ma'aikata sun yi wa aikin yawa. Ke nan ya bambanta da korar da ake yi saboda laifi, ya kuma bambanta da ajiye aiki ko ritaya.

Sashen ya ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyi uku. Na farko, ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da kuma yawan mutanen da za ta shafa. Na biyu, ya bi ƙa'idar cewa wanda ya shigo daga baya shi zai fara fita a cikin rukunin da abin ya shafa, sai dai an ba shi damar duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Na uku, ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tattaunawa a kan kuɗin sallamar da za a biya.

A nan gizo ke saƙa. Doka ba ta ce a biya kaza ba, ta ce a yi ƙoƙarin tattaunawa. Mai kamfanin da ya zauna da wakilan ma'aikata, ya buɗe littattafansa, ya nuna cewa ba shi da hali, zai iya cewa ya sauke nauyin da ke kansa ko da abin da ya miƙa bai taka kara ya karya ba. Wani ƙaramin sashe na wannan doka ya ba Ministan Ƙwadago ikon fitar da ƙa'idojin da za su wajabta biyan kuɗin sallama, ko dai ga kowa da kowa ko ga wasu rukunai. Shekara kusan hamsin ke nan ba a fitar da ƙa'idar da ta game dukkan ma'aikata ba.

Ba kowa dokar ta rufe ba

Akwai wani shinge kuma a sashe na 91, inda aka fassara wanda ake kira ma'aikaci. Dokar ta taƙaita kalmar ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ko da yarjejeniyarsu ta baka ce. Ta fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da shugabanci, da masu aikin fasaha da ƙwararru, a gwamnati suke ko a kamfani. Ma'ana, leburan masana'anta da direba da akawu suna ciki, amma manajan reshen banki da injiniya da akanta da likita suna waje. Waɗannan ba su da abin dogaro sai takardar ɗaukarsu aiki, da littafin ƙa'idojin ma'aikata, da abin da kotu za ta gani a matsayin adalci.

Abubuwa huɗu da ba a ciniki a kansu

Duk da haka, akwai haƙƙoƙin da ba su jiran tattaunawa, kuma daga kansu ake fara kowane lissafi.

Na farko shi ne albashin da aka riga aka yi wa aiki. Duk wani bashin albashi, da na kwanakin watan ƙarshe, wajibi ne a biya shi kafin wa'adin notis ya cika ko a ranar da ya cika. Sashe na 5 ya hana cire kuɗi daga albashi da sunan tara. Ko da ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko ta hanyar sakaci, sai an sami amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin a cire wani abu.

Na biyu shi ne notis, kuma sashe na 11 ya tsara shi daki-daki. Wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Daga shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Daga nan ba ya ƙaruwa, domin wanda ya yi shekara biyar da wanda ya yi talatin duk wata ɗaya ne. Notis ɗin da ya kai mako ɗaya dole ya kasance a rubuce. Idan mai kamfani yana son mutum ya tafi nan take, sai ya biya kuɗin wa'adin. Amma sashen ya ce a wannan lissafi ba a sa kuɗin ƙarin lokaci da sauran alawus-alawus. Gundarin albashi kaɗai ake dubawa. Idan takardar ɗaukar aiki ta tanadi notis mafi tsawo, kamar wata uku, ita za a bi.

Na uku shi ne hutun shekara. Sashe na 18 ya ba duk wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki hutun aƙalla kwanakin aiki shida tare da cikakken albashi. Wanda aka sallama bayan ya yi aƙalla wata shida tun cikar shekararsa ta ƙarshe, ana biyansa kason albashin mako ɗaya daidai da watannin da ya yi. Shi ma wannan a kan gundarin albashi ake lissafa shi.

Na huɗu shi ne fansho. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, na jimlar gundarin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Dole kuɗin su shiga asusun ma'aikaci cikin kwanakin aiki bakwai daga ranar biyan albashi, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 a kowane wata ba a kan abin da aka riƙe. Dokar ta kuma ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ke asusunsa ba. Sai dai wannan ba kyauta ba ce daga kamfani. Guzurin tsufansa ne yake ci tun rana ba ta faɗi ba.

Misali da alƙaluma

A ƙaddara wani mutum mai shekara 45 da ke aiki da injin a wata masana'antar roba. Ya yi shekara takwas da wata bakwai, yana karɓar Naira 120,000 a wata, inda Naira 60,000 ne gundarin albashi, sauran Naira 60,000 kuma alawus ɗin gida da sufuri da abinci. Ba ya cikin ƙungiyar ƙwadago, takardar ɗaukarsa aiki ba ta ce komai a kan kuɗin sallama ba, ba ya bin bashin albashi, kuma an ce ya tafi yau.

Kuɗin notis ɗinsa na wata ɗaya ne, a kan gundarin albashi, wato Naira 60,000. Don gano albashin mako, sai a ninka 60,000 sau 12 a raba gida 52, abin da zai ba da kusan Naira 13,846. Tun da ya yi wata bakwai bayan cikar shekararsa ta ƙarshe, yana da kashi bakwai cikin goma sha biyu na wannan adadi, wato kusan Naira 8,077. Jimla Naira 68,077. Wannan shi ne abin da Dokar Ƙwadago ta tilasta a ba mutumin da ya ba da shekara takwas da rabi na ƙarfinsa. Bai kai mafi ƙarancin albashi na wata guda ba, wato Naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024.

Sai a dubi fansho. Idan gundarin albashinsa da alawus ɗin gida da na sufuri sun kama Naira 100,000, abin da ya kamata ya riƙa shiga asusunsa kowane wata shi ne Naira 18,000. Kamfanin da ke cikin matsi yakan fara ne da daina zuba wannan kuɗi tun kafin ya fara maganar rage ma'aikata. Idan an yi shekara guda ba a zuba ba, ana riƙe masa Naira 216,000 ban da tara, fiye da ninki uku na kuɗin notis da na hutu a haɗe. Shi ya sa karɓo bayanin asusu daga kamfanin da ke kula da fansho ya kamata ya zo kafin sa hannu a kowace takarda. Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, tana da wakilan da ke ƙwato irin waɗannan kuɗi daga kamfanonin da suka riƙe.

Yadda wasu ƙasashe suka warware

Najeriya ta gaji tsarin dokokinta daga Birtaniya, amma a wannan fanni hanyoyinsu sun rabu. A can, duk wanda ya cika shekara biyu a wurin aiki yana da kuɗin sallama da doka ta ƙayyade. Ana ba da albashin rabin mako kan kowace shekara da mutum ya yi yana ƙasa da shekara 22, albashin mako ɗaya kan kowace shekara tsakanin 22 da 40, da albashin mako ɗaya da rabi kan kowace shekara daga 41 zuwa sama. Ba a ƙirga fiye da shekara 20, kuma akwai iyaka a kan albashin makon da ake lissafi da shi, wadda ake sabuntawa duk watan Afrilu. A Afrilun 2025 an tsayar da ita a kan Fam 719, abin da ya sa mafi yawan abin da doka ta wajabta ya kama Fam 21,570. Kowa zai iya ɗaukar biro ya gano haƙƙinsa cikin minti biyu.

Da za a auna ma'aikacin masana'antar roban nan da wannan ma'auni, yana da shekara huɗu a matakin mako ɗaya da rabi, da huɗu a matakin mako ɗaya, jimla mako goma. A kan cikakken albashinsa, wanda ya kama kusan Naira 27,692 a mako, zai tashi da kusan Naira 277,000, ban da notis na mako takwas da dokar can ta ba shi.

Ba sai an je Turai ba. A Afirka ta Kudu doka ta wajabta aƙalla albashin mako ɗaya kan kowace cikakkiyar shekara, wanda zai ba mutumin nan fiye da Naira 221,000. A Kenya, dokar 2007 ta ce aƙalla albashin kwana 15 kan kowace shekara, wato Naira 240,000 ko da a kan gundarin albashi aka tsaya. Ghana ta fi kama da Najeriya, domin dokarta ta 2003 ita ma ta bar adadin ga tattaunawa. Amma ta ce biyan wajibi ne, ta wajabta sanar da babban jami'in ƙwadago wata uku kafin ragewar, ta kuma ba Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ikon yanke hukunci idan an kasa daidaitawa.

Inda ainihin kuɗin yake

Tun da doka ta yi shiru, kuɗin sallama na gaske a Najeriya yana fitowa ne daga wurare uku: takardar ɗaukar aiki, littafin ƙa'idojin ma'aikata, da yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da masu kamfanoni. A fannonin da ƙungiyoyi ke da ƙarfi, kamar man fetur da bankuna da masana'antun abinci da lemo, irin waɗannan yarjejeniyoyi sukan ƙayyade makonni ko watannin da za a biya kan kowace shekara, wani lokaci har da garatuti da kula da lafiya na ɗan lokaci.

A nan kalma ɗaya takan raba mutum da rabin haƙƙinsa. Idan yarjejeniya ta ce albashin wata ɗaya kan kowace shekara, ma'aikacin da ke cikin misalin nan zai sami Naira 960,000 idan ana nufin cikakken albashi, ko Naira 480,000 idan ana nufin gundarinsa. Haka kuma akwai bambanci tsakanin yarjejeniyar da ke ƙirga cikakkun shekaru kaɗai da wadda ke ƙirga ragowar watanni. Wannan ne dalilin da ya sa rarraba albashi, a ƙanƙanta gundarin a kumbura alawus, ba ƙaramar magana ba ce, ko da abin da ke shiga aljihu a ƙarshen wata bai canza ba.

Tazarar da wannan tsari ke haifarwa a bayyane take. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya buɗe ƙofar barin aiki da wuri, inda aka ruwaito ma'aikata kusan 1,000 sun tafi da kuɗin da ya kai Naira biliyan 50. Bankin ya ce kowa da son ransa ya tafi, Majalisar Wakilai kuma ta kafa kwamitin bincike. Ko yaya aka kalli lamarin, ƙasa ɗaya ce da doka ɗaya, amma wani yana fita da miliyoyi, wani da abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. Ma'aikatan kwantiragi da ake ɗauka ta hannun kamfanonin dillancin ma'aikata, waɗanda suka cika bankuna da kamfanonin sadarwa, su ne suka fi zama a ƙasan layi.

Ta fuskar haraji an sami sauƙi. Dokar Kuɗi ta 2020 ta keɓe diyyar rasa aiki har Naira miliyan 10 daga haraji, sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 kuma ta ɗaga iyakar zuwa Naira miliyan 50.

Ma'aikatan gwamnati

Ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar a aiki yana da kariyar da ta fi ta ɗan kamfani, domin aikinsa ya ginu ne a kan doka da ƙa'idojin aikin gwamnati. Idan aka sallame shi ba bisa ƙa'ida ba, kotu na iya mayar da shi bakin aiki, ta kuma sa a biya shi albashin baya, abin da ba kasafai take yi wa ma'aikacin kamfani ba. Amma wannan kariya ba ta hana gwamnati soke muƙami ko haɗe ma'aikatu ba. Rahoton kwamitin Oronsaye na 2012, wanda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a aiwatar a watan Fabrairun 2024, ya ginu ne a kan haɗewa da soke hukumomi.

Abin da ya faru a Kaduna ya nuna yadda lamarin ke iya rincaɓewa. A watan Afrilun 2021 gwamnatin jihar ta sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, tana mai cewa albashi na cinye mafi yawan kason da take samu daga asusun tarayya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, a ƙarƙashin Ayuba Wabba, ta ce ba a bi matakan da doka ta shimfiɗa ba, ta kuma fara yajin aikin gargaɗi a ranar 17 ga Mayu. Lantarki ya ɗauke, jiragen ƙasa suka tsaya, sai da Gwamnatin Tarayya ta shiga tsakani aka janye bayan kwana uku. Da akwai ma'aunin da kowa ya sani tun farko, da an rage abin da za a yi jayayya a kansa.

Akwai kuma batun lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ƙayyade wata uku don shigar da ƙara a kan matakin da jami'i ya ɗauka. Kotuna sun sha bamban a kan ko wannan wa'adi ya shafi rikicin ɗaukar aiki, don haka wanda ke da ƙorafi ya fi masa alheri ya garzaya kafin wata ukun su cika.

Mai shago da yaransa

Wannan magana ba ta manyan kamfanoni kaɗai ba ce. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari da ke da yaran shago uku yana biyansu a wata, shi ma mai ɗaukar aiki ne a idon doka, ko da ba a taɓa rubuta komai ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kansa ba, domin ta keɓe duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Amma Dokar Ƙwadago ba ta yi wannan keɓewar ba. Notis da hutu da hana cire tara sun shafe shi, sai dai idan yaron ɗan gida ne, domin dokar ta fitar da iyalan mai aiki. Sashe na 7 ma ya wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa.

Kasuwa tana da tsarinta da ya girmi wannan doka. Yaron da ya yi shekaru yana hidima, ubangidansa kan sallame shi da jari ko ya buɗe masa shago, kuma sau da yawa wannan ya fi duk abin da doka za ta bayar nesa ba kusa ba. Rauninsa shi ne ya dogara ga hali da wadatar ubangida. Idan kasuwa ta karye, ko ubangida ya rasu magada suka karɓi shago, alƙawarin baka kan bi iska. Takarda mai shafi ɗaya da shaidu biyu, wadda ta faɗi ranar farawa da albashi da abin da za a bayar ranar rabuwa, tana kare ɓangarorin biyu, ta kuma kare zumunci.

Idan kamfanin ya durƙushe

Duk lissafin da ya gabata yana da amfani ne idan akwai wanda zai biya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sa albashin ma'aikata cikin basussukan da ake fifitawa idan an zo rusa kamfani, amma bankin da ke riƙe da jinginar kadara yana gaba da su a kan wannan kadara. A Birtaniya gwamnati ce ke biyan kuɗin sallama daga asusun inshorar ƙasa idan kamfani ya karye. Najeriya ba ta da irin wannan asusu. Kashi 1 cikin 100 da masu kamfanoni ke biya ga hukumar NSITF a ƙarƙashin dokar 2010 na diyyar rauni ne da cuta da mutuwa a bakin aiki, bai shafi rasa aiki ba.

Arewa ta san ɗacin wannan. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda ta fara aiki a 1957 kuma jihohin Arewa 19 ke da mallakinta, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da dama suka rasu ba su gani ba. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, amma sai a 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince a fitar da Naira biliyan 22.68, kusan rabin abin da tsofaffin ma'aikatansa ke bi. Kuɗin da aka biya bayan shekara 15 ba kuɗin da aka yi alƙawari ba ne, domin hauhawar farashi ta riga ta ci rabonta.

Ƙofar kotu

Canji mafi girma da aka samu ya zo ne ta hannun kotu. Gyaran kundin tsarin mulki na uku na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron dukkan rikicin ƙwadago ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba rashin adalci a wurin aiki da kyawawan ƙa'idojin duniya. Najeriya ba ta rattaba hannu a kan Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ba, wadda ta tanadi kuɗin sallama, amma kotun ta sha jingina da ita wajen cewa ba a raba mutum da aikinsa ba tare da dalili ingantacce ba. Tana kuma duba ko ragewar ta gaskiya ce, ko kuwa an sallami mutum ne aka ɗauki wani a gurbinsa da albashi ƙasa da nasa. Kotun na da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Bauchi da Jos, tana kuma da cibiyar sulhu. Kafin a kai nan, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke kowace jiha yana shiga tsakani.

Amma kotu da hujja take aiki. Takardar ɗaukar aiki, takardun albashi, littafin ƙa'idoji, kwafin yarjejeniyar ƙungiya da wasiƙar sallama su ne makaman ma'aikaci. Abubuwa biyu ke yawan karya ƙara: rubuta takardar ajiye aiki saboda matsin lambar shugabanni, da sa hannu a kan cewa an karɓi komai babu sauran bashi kafin a yi lissafi. Kotun takan amince cewa murabus na tilas kora ce, amma tabbatar da tilas ɗin aiki ne ja.

Gyaran da ke jiran sa hannu

Masu kamfanoni suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Kamfanin da ke rage ma'aikata galibi yana fama ne da kansa, kuma tilasta masa biyan kuɗi mai yawa na iya ƙarasa shi, ko ya sa wasu su guji ɗaukar ma'aikata na dindindin. Sai dai albashin mako ɗaya kan kowace shekara bai kai kashi 2 cikin 100 na albashin shekara ba. Kamfanin da ya san da wannan nauyi tun ranar ɗaukar mutum zai iya ware shi kaɗan-kaɗan, maimakon ya fuskanci yajin aiki ko shari'ar da ba a san ƙarshenta ba.

An daɗe ana maganar sake Dokar Ƙwadago gaba ɗaya, daftari na shiga majalisa yana fita. Amma wannan giɓi ba ya buƙatar jiran majalisa. Ikon yana cikin sashe na 20 tun ranar da aka rubuta shi, kuma Ministan Ƙwadago zai iya amfani da shi bayan tuntuɓar ƙungiyoyin ƙwadago da ƙungiyar masu ɗaukar aiki ta NECA. Har zuwa ranar da za a yi hakan, kuɗin sallamar ma'aikaci a Najeriya ana yanke shi ne ranar da ya karɓi takardar kama aiki, a lokacin da murna kan hana mutum karanta abin da ke shafi na biyu.